Na yi mako huɗu ina shan maganin ciwon hanta, gwaji ya nuna ƙwayar cutar ba ta ƙare ba: in daina ne?

Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a Kano, shekarata 34. Da na je gwajin kafin aure aka ce ina ɗauke da ciwon hanta nau'in C, aka tura ni wajen likitan hanta, aka auna yawan ƙwayar cutar a jinina, takarda ta nuna 2,400,000. An yi mini hoton ciki da wasu gwaje-gwaje, aka ce hantar ba ta lalace ba. Likita ya ɗora ni a kan magani mai haɗin sofosbuvir da velpatasvir, ƙwaya ɗaya kullum har mako 12. Da na gama robar farko na kasa haƙuri, na je da kaina na biya aka sake aunawa, sai takarda ta nuna 38. Wani abokina ya nuna mini a intanet inda aka rubuta cewa idan ƙwayar cutar ba ta ɓace ba a mako na huɗu, da wuya a warke. Kawuna ma ya yi wannan ciwo kimanin shekara goma sha biyar da suka wuce, ya sha allurai wata uku, aka auna aka ce ba ta sauka ba, aka tsayar masa. Yanzu ina mako na shida, saura roba ɗaya ban saya ba, kuma kuɗinta sai na sayar da keken ɗinki ɗaya. Na yi kwana biyu ban sha ba tsakanin robar farko da ta biyu. Ina kuma shan omeprazole saboda olsa. Wasu suna cewa in koma maganin gargajiya. Iyayen yarinyar sun ce ba za a sa rana ba sai na kawo takardar da ta nuna babu cutar. In ci gaba, ko in daina asarar kuɗi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka sayi roba ta uku, ka ci gaba da sha kullum har ka kai ƙwaya ta 84, domin lambar 38 da ta tayar maka da hankali ba ta nuna cewa maganin ya gaza, kuma likitan hanta ba zai tsayar da irin maganin da kake sha saboda ita ba. Abin da abokinka ya nuna maka yana da asali, sai dai hukunci ne da aka yanke a kan wani magani daban, shi ne wanda kawunka ya sha, kuma tun da aka bar wancan magani hukuncin ya daina aiki. Zan bi da kai ta inda maganar ta faro, saboda wanda aka ce wa ya kwantar da hankalinsa ba tare da an nuna masa dalili ba, ranar da wani ya sake tsorata shi zai ajiye robar.

Lambar da ake rubutawa a takardar tana nufin yawan ƙwayar cutar da aka samu a kowace mililita ɗaya ta jini. Ka fara da 2,400,000, bayan kwana 28 ka dawo 38, wato a cikin duk dubu sittin da ke yawo a jininka ranar da ka haɗiye ƙwayar farko, ɗaya ce kacal ta rage. Kai ka kalli 38 ɗin ka ga ba sifili ba ce, likita kuwa idan ya kalle ta abin da zai fara gani shi ne cewa maganin na ƙwarai ne, yana shiga jikinka, kuma kana shan sa.

Daga farkon shekarun 2000 har zuwa wajen 2013, abin da ake da shi na wannan ciwo shi ne allurar interferon sau ɗaya a mako, tare da ƙwayoyin ribavirin safe da yamma. Interferon ba ya taɓa ƙwayar cutar kai tsaye, zuga garkuwar jiki yake yi ta yaƙe ta, shi ya sa aikinsa ya dogara da jikin mutum, wani jikin ya karɓa wani ya ƙi. Ƙwayar cutar nau'in C ta kasu jinsi-jinsi, kowane da lambarsa. Mai ɗauke da jinsi na 1 ko na 4 na ƙwayar cutar sai ya yi mako 48 yana shan allurar, mai jinsi na 2 ko na 3 ya yi mako 24, kuma bayan duk wannan, a jinsi na 1 kusan rabin mutane ne kawai suke warkewa. Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. Bayan kowace allura akwai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ga kasala da rama, ga ƙarancin jini da ribavirin ke haddasawa, wasu kuma su faɗa cikin matsananciyar damuwa har a ji tsoron halin da za su shiga. Maganin da ke da wannan azaba da wannan tsada, kuma rabin masu shan sa ba za su ci moriyarsa ba, dole likitoci su nemi hanyar gane tun da wuri wanda wahalar za ta yi wa rana da wanda ya kamata a hutar da shi.

Sai suka kafa ma'auni biyu. Na farko a mako na huɗu: wanda ƙwayar cutar ta ɓace daga jininsa a lokacin, an san yana cikin masu sa'a, kusan tara cikin goma na irinsu suna warkewa, har wasu a rage musu tsawon jinyar. Na biyu a mako na 12, kuma shi ne mai yanke hukunci: idan yawan ƙwayar cutar bai ragu ninki ɗari ba, wato mai miliyan ɗaya bai sauko dubu goma ba, to damar warkewarsa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba, sai a tsayar masa da allurar. Bisa abin da ka bayyana, wannan ma'auni na biyu ne ya tsayar da kawunka, kuma likitocinsa sun yi daidai da ilimin lokacinsu. Ka lura da abu biyu a nan. Ko a wancan zamani, rashin ɓacewar ƙwayar a mako na huɗu bai zama dalilin tsayar da interferon da ribavirin ba, da yawa daga cikin waɗanda suka warke sai daga baya ta ɓace musu. Sannan ko da a ce za a auna ka da tsohon ma'aunin, abin da ake nema daga gare ka shi ne ka sauko 24,000 a mako na 12, kai kuwa ka sauko 38 a mako na huɗu. Ko telaprevir, wani maganin wannan ciwo wanda ya fito a 2011 ana haɗa shi da allurar, sai lambar ta haura 1,000 a mako na huɗu ake tsayar da shi.

Kafin in wuce, ka isar wa kawunka da saƙo cewa ƙin karɓar allura da jikinsa ya yi a wancan lokaci bai rufe masa ƙofa ba. Magungunan yanzu suna warkar da mafi yawan waɗanda interferon ya gaza a kansu, kuma mutumin da ya ƙara shekara goma sha biyar da cutar a jikinsa ya fi ka buƙatar a duba hantarsa da gaggawa, ko da yana jin kansa garau.

A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir a Amurka, a 2016 kuma aka amince da haɗinsa da velpatasvir, wanda kake sha. Waɗannan ba sa jiran garkuwar jiki, ƙwayar cutar suke tara kai tsaye. Sofosbuvir yana kama da ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayar ke harhaɗawa idan tana kwafar kanta a cikin hanta, da zarar ta ɗauke shi ta saka sai kwafin ya tsaya cik, shi kuwa velpatasvir yana toshe wani furotin da take buƙata wajen hayayyafa da haɗa sabbin ƙwayoyi. A babban gwajin da aka yi wa wannan haɗi mai suna ASTRAL-1, wanda aka wallafa a 2015, mutum 624 ne suka sha shi na mako 12, kashi 99 cikin 100 suka warke. Idan magani yana warkar da kusan kowa, tambayar wa za a tsayar wa da wuri ba ta da sauran amfani, kuma da masu bincike suka koma suka duba waɗanda aka samu ragowar ƙwayar a jininsu a mako na huɗu, sai suka tarar mafi yawansu sun warke kamar sauran. An ma samu waɗanda har ranar da suka gama maganin na'ura tana ganin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma bayan wata uku aka auna babu komai.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2018, ba ta sa auna yawan ƙwayar cutar a tsakiyar jinya cikin abubuwan da ake buƙata ba, haka ma ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka sun cire shi daga tsarinsu mai sauƙi. Akwai wani bincike mai suna MINMON da aka wallafa a 2022, wanda aka yi a Birazil da Afirka ta Kudu da Tailan da Yuganda da Amurka, inda aka ba mutum 399 ƙwayoyin nan 84 gaba ɗaya tun ranar farko, ba a sa musu ranar dawowa asibiti ko ɗibar jini a tsakiya ba, tuntuɓarsu kawai aka yi daga nesa sau biyu, kuma kashi 95 cikin 100 suka warke. Gwajin da ka je ka biya da kanka, likitanka bai nema ba ne don ba ya buƙatarsa, kuma da ka tambaye shi da farko, da kuɗin ya shiga cikin na roba ta uku. Ban ga laifinka ba, wanda aure ke jira ba ya rasa ɗoki, amma kada ka sake biyan wani kafin lokacinsa sai in likita ne ya ce.

Dalilin da ya sa ake samun ragowa a mako na huɗu yana da sauƙin fahimta. Hantar mai wannan ciwo tana fitar da ƙwayoyin cuta kimanin tiriliyan ɗaya a rana, jiki kuma yana share su cikin sa'o'i kaɗan, to da magani ya toshe masu fitowa sai lambar ta faɗi warwas cikin kwanakin farko. Bayan nan saukar takan yi sanyi, domin abin da ya rage shi ne ƙwayoyin halittar hanta da suka riga suka kamu, waɗanda sai a hankali ake tsarkake su ko a maye gurbinsu, kuma wannan mataki na biyu ya fi jinkiri ga wasu mutane ba tare da ya hana su warkewa ba. Ga kuma batun na'ura. Na'urorin yanzu suna iya ƙirga abin da ya kai 10 zuwa 15 a mililita, wasu sun fi wasu kaifin gani, har ya zama jini ɗaya a kai shi ɗakin gwaji biyu, nan a ce an gano kaɗan, can a ce ba a gano ba. Abin da na'urar ke gani kuma shi ne sinadarin gadon ƙwayar cutar, ba ta bambanta mai rai da zai iya kama sabuwar ƙwayar halitta da gutsuren da ba shi da sauran ƙarfi. Abin da yake tayar wa likita hankali shi ne lambar ta juyo sama ana cikin shan magani, kamar ta ninka sau goma bayan ta sauka, kuma wannan ba kasafai yake faruwa ba, in ya faru ma galibi a wajen shan maganin matsalar take.

Abubuwan da suke rage damar warkewa a yau sanannu ne, kuma babu lambar mako na huɗu a sahun gabansu. Akwai hantar da ta riga ta yi tabo ta taurare, musamman ga mai jinsi na 3, akwai wanda ya taɓa shan irin waɗannan magunguna suka gaza, akwai wasu rassan ƙwayar cutar da aka fi samu a Afirka waɗanda suka fi taurin kai ga tsofaffin haɗe-haɗe, sannan akwai tsallake magani, da haɗa shi da abin da ke rage masa ƙarfi, da faɗawa hannun masu jabu. An ce maka hantarka ba ta lalace ba, kuma wannan ne karonka na farko, to abin da ya rage duk yana hannunka, shi ya sa sauran abubuwan da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba su da muhimmanci suka fi ɗaukar hankalina a kan 38.

Kwana biyun da ka tsallake ba su ɓata jinyar ba. Ƙa'idar ita ce wanda ya tsallake abin da bai wuce mako ɗaya ba ya ci gaba nan take ya shanye duka ƙwayoyinsa, wanda ya wuce haka kuwa ya koma wajen likita kafin ya yanke wa kansa hukunci. Amma yadda abin ya faru shi ne abin gyara: robar ta ƙare kafin ka sayi ta gaba. Kada a maimaita. Roba ta uku ta kasance a hannunka tun da sauran mako guda a ta biyu, ka sa ƙararrawa a waya, ka riƙe lokaci ɗaya da ba ka tashi daga gida sai ka wuce shi, kamar bayan karin kumallo. Idan ka manta ka tuna kafin awa 18 ta wuce, ka sha a lokacin, idan ta wuce ka jira na gobe, kada ka haɗa biyu. Game da keken ɗinki, ba na raina abin da sayar da shi yake nufi ga tela, kuma ina ganin kafin ka kai ga haka ka gaya wa likitanka halin da kake ciki, domin maganin da kamfanoni daban-daban suke yi da lasisi farashinsa ya bambanta, ka kuma nemi rance a wajen 'yan'uwa ko ka roƙi a ba ka kwasar adashe da wuri. Idan duk ba su yiwu ba, ka sayar. Wanda ya tsaya a mako na takwas yana ƙara wa kansa haɗarin cutar ta dawo, kuma idan ta dawo takan zo da juriya ga dangin velpatasvir wadda ke daɗewa shekaru, sai ya zama ana buƙatar magani mafi tsada, ka ga an yi biyu babu. Ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, kada rahusa ta ja ka wajen mai talla.

Omeprazole kuwa magana ce da ya kamata likitanka ya ji a wannan makon, ba sai ranar komawarka ba. Velpatasvir yana buƙatar tsamin ciki kafin ya narke ya shiga jini, omeprazole kuma aikinsa ke nan rage wannan tsami, don haka shan su tare yana rage yawan maganin da jikinka ke samu. Abin da aka fi so shi ne a dakatar da omeprazole har a gama, in kuwa olsar ba za ta bari ba, a sha maganin hanta tare da abinci, a jira awa huɗu, sannan a sha omeprazole wanda bai wuce miligiram 20 ba. Farin ruwan maganin olsa da ake kurɓa idan ƙirji ya ɗauki zafi, shi ma a raba shi da maganin hanta da awa huɗu. Akwai kuma waɗanda ba a haɗa su da shi sam: rifampicin na tarin fuka, magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, da efavirenz na cutar ƙanjamau, duk suna sa jiki ya zubar da maganin kafin ya yi aiki, shi kuwa amiodarone na bugun zuciya idan ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya zuwa matakin haɗari. Duk wanda zai rubuta maka magani a cikin makonnin nan, ko mai kyamis ne, ka nuna masa robar tukuna.

Maganin gargajiya ban ba ka shawarar ka koma gare shi ba, ban kuma yarda ka haɗa shi da wannan ba. Jiƙon da ake sayarwa a jarka da sunan maganin shawara, mai sayar da shi ba zai iya gaya maka adadin abin da ke ciki ba, kuma hanta ce za ta tace duk abin da ka sha. An san tsirran da suke rage ƙarfin waɗannan magunguna, an kuma san waɗanda suke kumbura hanta da kansu. Waɗanda suke ba da labarin sun sha jiƙo sun warke, wasunsu suna cikin kimanin mutum uku cikin goma da jikinsu ke kawar da cutar da kansa a watanni shida na farko, wasu kuma idonsu ne ya washe alhali ƙwayar cutar tana nan.

Wasiƙarka ba ta ambaci sakamakon ciwon hanta nau'in B ba, to ka duba takardunka ka tabbata an yi shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da nau'in B, nau'in C kuwa kimanin kashi 1, don haka samun biyun a jiki ɗaya ba baƙon abu ba ne, kuma idan aka murƙushe C wani lokaci B da ke kwance yakan farka ya kumbura hanta, abin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa tun 2016. Idan kana da shi, likita zai sa ido ko ya ƙara maka magani, idan ba ka da shi kuma ba ka da kariya, ka yi allurar rigakafinsa. Ko wane ne daga ciki, idan ka ga idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko amai ya ƙi tsayawa, ka tafi asibiti a ranar.

Gwajin da zai raba gardama guda ɗaya ne, shi ne auna ƙwayar cutar mako 12 bayan ka haɗiye ƙwaya ta ƙarshe. An sa wannan tazara ne saboda muddin magani yana jini zai danne duk abin da ya ɓuya, sai an janye shi ake ganin ko akwai mai tasowa, kuma mafi yawan masu dawowa a cikin mako huɗu na farko suke bayyana. Wanda ya kai mako 12 ba a gano komai ba ya warke, kuma waɗanda cutar ke dawo musu bayan nan ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Daga inda kake yanzu, wata huɗu ne da ɗoriya. Ka rubuta ranar a jikin takardar asibitinka, ka fara ware kuɗin gwajin tun yanzu, domin mutane da yawa suna gama magani su ji daɗin jikinsu su ƙi komawa, su zauna shekaru ba su san matsayinsu ba.

A nan ne maganar surukanka ta shigo, kuma akwai tarkon da nake so ka sani tun kafin ka faɗa. Tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da ciwon hanta nau'in B da C, kuma gwajin farko da aka saba yi shi ne na tsinke, wanda ake ɗiga jini a jira 'yan mintuna. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake nema ba, shaidar da garkuwar jiki ta bari yake gani, kuma shaidar takan zauna a jini har ƙarshen rayuwa ko da an warke sarai. Ka san idan ka warware ɗinki a jikin shadda, zaren ya fita amma ramukan allura suna nan, to tsinken ramukan yake gani. Idan ka gama maganinka aka mayar da kai wajen tsinke, zai sake nuna layi biyu, iyayen yarinya su ce ba ka warke ba, alhali ka warke. Takardar da za ka kai musu ita ce ta gwajin PCR, wato wanda ke auna ƙwayar cutar kanta a jini, na mako 12 bayan magani, tare da wasiƙar likitanka da ta fayyace wannan bambanci. Shawarata ita ce kada ka jira sai ranar. Ka nemi wani babba daga cikin iyayenka ya je ya yi wa waliyyin yarinyar bayani tun yanzu, ya gaya masa watan da sakamakon zai fito da irin takardar da za a kawo, in da hali ma wakilinsu ya raka ka wajen likita ya ji da kunnensa. Sharaɗin da suka kafa ba zalunci ba ne, 'yarsu suke karewa, kuma wata huɗu da aka san ƙarshensu sun fi sauƙin jira a kan shiru da ke haifar da zargi.

Ya kamata su kuma san cewa wannan cuta ta jini take bi. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko tari, kuma tsakanin ma'aurata da suka tsaya a kan juna yaɗuwarta ta hanyar kwanciya abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, wanda ya warke kuwa babu abin da zai ba wani. Hanyoyinta su ne allurar da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba, askar wanzami da ƙaho, almakashin mai yankan farce, reza da buroshin haƙori da aka yi tarayya a kansu. Ita ma yarinyar da sauran mutanen gidanku ya dace kowa ya san matsayinsa. Kai kuma warkewa ba ta ba ka kariya daga sake kamuwa, kuma har yau babu allurar rigakafin nau'in C, don haka ka mallaki kayan askinka, in allura ta kama a fasa sabuwa a gabanka.

Idan aka yi rashin sa'a gwajin ƙarshe ya nuna cutar ta dawo, wanda bisa bayaninka abu ne mai nisa, akwai magani na biyu tun 2017, mai haɗa sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir, kuma yana warkar da fiye da tara cikin goma na waɗanda maganin farko ya gaza a kansu. Idan kuwa ya nuna ka warke, ka tambayi likitanka matakin tabon da aka gani a hantarka tun farko, domin wanda tabonsa ya yi nisa ana ci gaba da yi masa hoton ciki duk wata shida saboda haɗarin sankarar hanta ko bayan ƙwayar cutar ta tafi, wanda hantarsa take lafiya kamar yadda aka ce maka kuwa akan sallame shi, sai dai ya nisanci giya, ya kula da ƙiba da ciwon sukari, ya kuma daina shan magani barkatai ba da umarnin likita ba.